Yadda Na Kai Lakar Habsu Kano

Tun da na dawo daga Kano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a fada, majalisarmu ta shan shayi, sai wani ya ɗago kai: "Malam Isufu, wai da gaske laka ka ɗauka ka kai wa Kanawa?" In ba da labari yau, gobe wanda bai zo ba ya ce a sake masa daga farko. Kowa kuma in ya tashi sai ya ƙara nasa gishirin, har na ji ana cewa wai an tsare ni kwana uku a kan iyaka. Ba wanda ya tsare ni. To ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha shayina.

Ni baduku ne, ɗan baduku, a cikin Birni, nan Damagaram, aka haife ni. Cikin 'ya'yana Habsu ce ta yi nisa a lakwal, wato boko, har ta kai shekarar ƙarshe a jami'a, inda ba a ba mutum takarda sai ya yi binciken kansa, ya rubuta, ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya rubuta. Ita kuwa ba ta ga abin zaɓa ba sai ledar cikin tabki. Ba wadda kowa ke gani tana yawo bisa ruwa ba. Ta ce leda ba ta ruɓewa kamar ganye ko fata. Rana ce ke gasa ta, ta yi ta farfashewa har ta zama ɓurɓushin da ido ba ya gani, ta kwanta cikin laka, kifi ya haɗiya, dabba ta sha, mai lambu ya ɗiba ya zuba wa ganyen salati. So take ta san ko abin a tabkunan gari ya tsaya, ko ya kai ƙauye.

Rani guda ta yi tana yawo da ciki, daga tabkunan cikin gari har Droum da Garagumsa da Dakusa, tana jiran ruwa ya ja baya ta ɗebi lakar ƙasa ta zuba a kwalba. Sharaɗin aikin guda ne, kada roba ta taɓa lakar, don in ta taɓa ba za a san ta tabki da ta hanya ba. To murfin kwalba duk akwai roba shimfiɗe a cikinsa. Ta gwada rufewa da takardar nan mai ƙyalli, na girgiza kwalbar sau biyu ta yage. Na ce ta ba ni ɗaya. Na samo fatar akuya, jimar bagaruwa, wadda rini bai taɓa ba, na jiƙa ta, na ja ta bisa bakin kwalbar, na naɗe da zaren fata, na ajiye a inuwa ta bushe ta kama, sannan na bi ta da kakin zuma. Muka cika ta da ruwa muka kife wuni guda, ko ɗigo bai fita ba. Daga nan duk kwalbar da ta kawo ni ke rufe ta.

Na'urar da ake duba irin wannan abu babu ita a wurinsu, sai malaminta ya shirya da wata Dakta Uwani a wata jami'a a Kano, aka sa rana. Saura kwana goma ranar ta zo, sai Habsu ta haihu. Mijinta malamin makaranta ne can arewa, ba ya iya barin aji. Ruwan farko kuma ya riga ya sauka, tabkuna sun cika. In wani abu ya sami kwalaben nan, sai ta jira wani rani, shekara guda ta tafi ke nan, ga jariri a baya. Na ce ni zan kai.

Kwalba goma sha uku ne, kowace da lambarta. Na jera su cikin kwandon kaba, na cusa ƙaiƙayin gero a tsakani, na rufe da farin zanen saƙi. Da na shiga yi mata sallama tana zaune bakin gado da ɗan a cinya.

"Baba, abu biyu. Kar a buɗe, kuma ko da wasa kar leda ta kusance su."

"Habsu, leda ce ta kashe mini kasuwar jaka tun ba a haife ki ba. Yau ke za ki koya mini ƙinta?"

Ta yi dariya, amma na ga idonta bai bar kwandon ba har na fita.

Faɗan farko a tasha na yi shi. Ɗan kamasho ya miƙo hannu zai ɗora kwandon bisa mota, ƙarƙashin tamfol, tsakanin jarkoki. Na ce a cinyata zai zauna. Ya ce ko ƙwai ne ai sama yake hawa. Na ce to wannan ya fi ƙwai. Haka na shiga, gwiwa a matse, kwando a ƙirji, muka ɗauki hanyar Matamai.

Kusa da ni wata tsohuwa ce, Iya Kande, za ta Daura ganin 'yarta. Tun kafin mu fita gari take satar kallon kwandon, can ta kasa haƙuri.

"Malam, magani ne? In akwai na ciwon gwiwa, ka taimaka."

Na gaya mata laka ce, na lissafa mata garuruwan. Da ta ji Droum sai ta juyo gaba ɗaya, ta ce ai ita mutuniyar can ce, wane tabki? Na kwatanta mata yadda Habsu ta kwatanta mini. Ta dafe ƙirji.

"Kai! Yarinyar nan mai ciki da ta shiga laka har gwiwa da cokalin ƙarfe? Taka ce? Wallahi mun tsaya muna kallonta, wasu na cewa zinariya take nema, wasu na cewa karatu ne ya taɓa ta. Ni na ba ta ruwa ta wanke ƙafa."

Ban san lokacin da na gyara zama ba. Na ce mata ba zinariya ba ce, ɓurɓushin leda ake nema a ciki. Iya Kande ta ba ni labarin akuyarta da ta yi ta ramewa tana cin abinci, da aka yanka mahauci ya fito da dunƙulen leda daga tumbinta, ya kai ƙwaryar fura. Ta ce waccan dai sun gani da ido. Ashe akwai wadda ba a gani. Sannan ta ce daga tabkin nan jikokinta ke kamo tarwaɗa.

A ɓangarenmu na iyaka ba a daɗe ba. Jandarma ya karanta wasiƙar da jami'arsu Habsu ta ba ni, ya duba tambari, ya ce in gaida mai jego. Da muka ƙetare sai labari ya sake. Wani dogon ma'aikaci ya karɓi wasiƙar, ya juya ta gaba, ya juya ta baya, da Faransanci take, shi kuwa Turancin Ingila ya karanta. Ya ɗaga zanen, ya zaro kwalba ɗaya.

"Baba, mene ne wannan?"

"Laka ce, yallaɓai."

"Laka. Daga Damagaram ka ɗauko laka za ka kai Kano. Buɗe mu gani."

Na ce ya yi mini rai, in aka buɗe aikin shekara ya lalace. Sai ya zaro biro daga aljihu zai tsokani fatar. Biron roba! Ban san na yi ƙara ba sai da na ga duk mutanen wurin sun juyo. Iya Kande ta sauko daga mota da gwiwarta mai ciwo, ta ratso mutane.

"Ɗana, lakar garinmu ce, a gabana aka ɗebe ta. 'Yar wannan bawan Allah ke karatu a kai. In wani abu ne daban, ni ka kama."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ɗaga kwalbar ya hasko ta da rana, ya juya ta a hankali. Sannan ya ƙwanƙwasa fatar da farce, ta yi kiɗi kamar ƙaramin kalangu. Ya sake ƙwanƙwasawa.

"Wa ya yi wannan murfin?"

"Ni na yi."

Ya mayar da ita gurbinta da kansa, ya ce, "Wato ƙasarku kuke kawo mana kaɗan-kaɗan ko?" Aka yi dariya, muka wuce. Aikinsa yake yi, ban ga laifinsa ba, amma sai da muka kai Daura na sassauta riƙon kwandon. Can muka rabu da Iya Kande, ta ce in gaya wa Habsu in ta gano wani abu ta koma ta faɗa musu da bakinta, kar ta bar shi cikin littafi.

Rabona da Kano tun ina saurayi ina bin babana. Na tarar da garin ya kumbura, ban gane ko kusurwa ɗaya ba. Kowa sauri yake. Ka gai da mutum, kafin ka kai ga tambayar iyali ya yi gaba. Na shiga keken nan mai ƙafa uku da suke kira adaidaita sahu, direban na kurɗawa inda ni da ƙafa ba zan bi ba, ina rungume da kwando ina salati.

Gidan Alhaji Sabo na sauka. Ɗan gwaggona ne, taubashina, a Birni aka yanke masa cibiya, amma ya daɗe yana sayar da fata a Kano har bakinsa ya juye. Yana ganina ya ce, "Ga baƙauye da kwandonsa! Me ka kawo mana, fara?" Na ce na kawo masa ƙasar ubansa ne ya shinshina, ko ya tuna hanyar gida.

Matarsa Hajiya Binta Bakanuwa ce ta asali, mai kirki, mai tsabta har ta yi yawa. Ta karɓe ni da gurasa da ta sha ƙuli da mai, wannan kam na yaba, na ƙara. Burodinsu ne ban gane ba, laushi kamar katifa, ka matsa shi ya koma dunƙule ɗaya. Shayi kuma a babban kofi da madara, a kurɓe a tashi, ba zama, ba na biyu balle na uku. Fura a inji ake dama ta. Leda kuwa, mu ma muna da namu laifin, amma can ko allura ka saya sai an sa maka a leda, a sa ledar cikin wata leda. Na tambayi Alhaji dalili, ya ce miƙa wa mutum abu tsirara raini ne.

Washegari da azahar Dakta ta ce in zo. Da safe na fito da sabuwar rigata, shuɗiya, mai ɗaukar ido, wadda na ɗinka don wannan rana ban gaya wa kowa ba. Na sa, na karya hula, Alhaji ya ja ni mu gai da maƙwabta mu leƙa shagonsa. Kwandon na bar shi a ɗakin baƙi, bayan ƙofa.

Da muka dawo, kwando ba ya bayan ƙofa. A tsakiyar ɗaki ga wata sabuwar jakar roba mai zane, a cikinta kwalabena goma sha uku, kowace an naɗe ta cikin baƙar leda sabuwa fil, an ƙulle bakin da kyau. Hajiya Binta na tsaye bakin ƙofa tana murmushi.

"Yaya, na ga za ka shiga gaban manyan malamai, ga ka cikin shiga ta mutunci, ai ba ka riƙe kwandon kaba da ƙaiƙayi ba. Duk sun yi ƙura ma, na bi su da soso na goge."

"Wane soso?"

Ta nuna mini. Irin na roba ne, kore, na wanke-wanke. Da ruwa ta goge, har bisa fatar.

Na zauna a ƙasa da sabuwar rigar. Na so in yi faɗa, bakina ya cika, amma wa zan yi wa? Matar nan don ta fid da ni kunya ta yi. Da na yi mata bayani sai ta sa hannu a ka, hawaye suka zubo, tana ta rantsuwa ba ta buɗe ko ɗaya ba. Na cire ledojin ɗaya bayan ɗaya ina taɓa fatar. Ta yi sanyi, amma ba ta saki ba.

Alhaji ya rufe ƙofa, ya rage murya.

"Isufu, mayar da su kwando ka yi shiru. Wa ya gani? Ka je ka faɗa, su ce ba sa karɓa, ka kashe wa yarinya shekara a kan soso?"

Ba zan ɓoye muku ba, har muka shiga adaidaita sahu maganarsa nake juyawa, kuma ta yi mini daɗi. Amma na tuna abin da Habsu za ta yi da sakamakon. Tsayawa za ta yi gaban malamai ta ce wannan daga tabkin Dakusa ya fito, ta koma Droum ta gaya wa su Iya Kande. In koren zaren soson Hajiya ne fa? Ni na sa mata ƙarya a baki ke nan, ba ta sani ba.

Dakta Uwani 'yar gajeruwa ce, ba ta da yawan magana. Ta tare ni a baranda. Kafin ta taɓa kwandon na ce ina da magana, na zayyana mata komai, leda da soso da ruwa. Fuskarta ta canza. Ta ce da gaskiya, in wani abu ya shiga, ba abin da za ta iya yi, duka sai a zubar. Sannan ta ce in miƙo mata mai lamba goma sha uku.

"Wannan ta wane tabki ce, Baba?"

Na ce ban sani ba, na dai ga ta fi sauran haske.

"Ba ta gaya maka ba ke nan. Wannan ba ta tabki ba ce. Yashi ne da ta wanke ta ƙona shi a wuta har ba sauran komai cikinsa, ta ba ka ka rufe kamar sauran. Shaida ce. Duk inda suka bi ta bi, duk abin da ya same su ya same ta. In mun sami roba cikinta, to a hanya ta shiga, sauran ma ba abin yarda ba ne. In ba mu samu ba, murfinka ya riƙe."

Raina ya sosu. Wato yarinyar da na haifa ta sa mini ɗan leƙen asiri cikin kwando, na rungumo shi tun daga Damagaram ban sani ba. Na haɗiye, na ce to a duba. Na tambaya ko gashin fatar ba zai rikita su ba, ta ce maganin da suke zubawa yana narkar da fata da ganye, roba ce kaɗai ke tsira.

Na ɗaga ƙafa zan bi ta cikin ɗakin aikin, sai ta tsayar da ni, ta kama bakin hannun rigata ta murza tsakanin yatsu.

"Baba, ka yi haƙuri, wannan rigar ba ta shiga. Zaren roba ce zalla. Tafiya kawai kake tana zubar da shi."

Ni da na zauna a ƙasa saboda soson Hajiya, ashe leda na sa tun daga wuya har idon sawu, na karya hula a kai. Suka ba ni wata farar rigar auduga da ta tsaya mini a gwiwa. Da na koma gida na ba Hajiya Binta labari, ta yi dariya har ta share hawaye, daga nan ne ma ta yarda ta ci abinci.

Kwana biyu aikin ya ɗauka. Alhaji ya zaga da ni wurin majema da 'yan fata, na ga fatu masu kyau, ban iya tuna ko ɗaya ba yanzu. Habsu ta yi ta kira, ina cewa ana kan aiki. Ban gaya mata zancen soso ba, mai jego ce.

Rana ta uku Dakta ta sa aka kira ni. Na sa tsohuwar rigata ta saƙi. Ta zaunar da ni gaban madubin da ke girmama ƙanƙanin abu, ta sa wata 'yar farar takarda a ƙarƙashi, ta ce in duba. Na kafa ido. Fari kawai. Ta matsa takardar dama, ta matsa hagu, sama da ƙasa. Na ce ni ban ga komai ba, ko idona ne?

"Ba idonka ba ne. Ta goma sha uku ke nan. Mu uku muka duba, babu komai."

Ban taɓa jin daɗin a ce mini babu komai ba sai ranar. Na ce a sake matsawa in gani, ta sake.

Sannan ta canza takarda, ta ce wannan ta Dakusa ce. Jama'a, Dakusa fa, inda ba kanti ba masana'anta. Zare shuɗi, zare ja, wani baƙi a lanƙwashe, da 'yan ɓaraguzai masu kaifi kamar fasasshen tangaran. Na fara ƙirgawa na bari. Na tambaye ta me wannan ke yi wa cikin mutum, ta ce ana nan ana bincike, ba za ta gaya mini abin da ba ta tabbatar ba, amma ba a fara magani sai an san abin yana nan, kuma 'yata ce ta nuna yana nan. Ta ɗauki murfin fata ɗaya da suka yanke, ta ce tana son irinsa ga ɗalibanta masu zuwa daji. Na ce sai bayan damina, fata ba ta bushewa da kyau cikin laima, ni kuma ba na aikin gaggawa.

Na fito baranda na kira Habsu. Na gaya mata an karɓi laka, aikinta ya tsaya da ƙafarsa. Na ji ta yi ajiyar zuciya, tana ta hamdala, jaririn na kuka a gefe. Sai na ba ta labarin leda da soso, daga nan na shiga faɗan da na kwana biyu ina tanadi.

"Amma Habsu, ni za ki sa wa shaida? Kin ga na kife kwalba wuni guda a gabanki. Ba ki yarda da hannun ubanki ba?"

Sai ta ce:

"Baba, ni na san ba abin da zai shiga. Amma ranar da zan tsaya gaban malamai, akwai wanda zai ɗaga murfin nan ya ce wannan aikin dukawa ne, ba na ilimi ba. Ba na so in yi gardama da shi. So nake in miƙa masa takarda ya karanta da kansa."

Ɗalibai na ta wucewa ta gabana suna kallon tsoho da waya a kunne. Na ce mata layin ba kyau, ba na ji sosai, zan sake kira. Na kashe wayar, na juya fuskata wajen bango, na daɗe a haka kafin in iya komawa ciki in ɗauki kwandona.